Saman tebur ya tsage da shigowar hunturu: laifin gam ne ko na katako?

Mai tambaya, Zariya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya. Aikin katako ba sana'ata ba ce, sha'awa ce ta ƙarshen mako. A watan Agusta na haɗa saman teburin cin abinci da falankin maɗaci huɗu, kaurin inci ɗaya, faɗinsu duka santimita 80. Farin gam na sa, na ɗaure saman a jikin firam da sukuru takwas, na shafa banish. Yanzu da hunturu ya kankama, layin gam na tsakiya ya buɗe daga baki har tsinken ashana na shiga, falanki ɗaya ya tsage, kowanne kuma ya ɗan yi doro a tsakiya. Gam zan canza ko me?

Kafinta, Kano

Wa alaikumus salam. Malam, ƙyale gam tukuna. Doron nan da ka ambata ya nuna sama kaɗai ka shafa wa banish, ƙasan ka bar shi tsirara. Ƙasan ya riga saman bushewa, ya tsuke, shi ya jawo falankin ya lanƙwashe. Duk abin da ka shafa a sama, ka shafa irinsa a ƙasa da bakunan, shafi nawa a nan shafi nawa a can.

Babbar matsalar kuwa ɗanyen katako ne. Yawancin abin da ake saukewa a 'Yan Katako, ko Na'ibawa ko Rijiyar Lemo, bai daɗe da fitowa daga injin yanka ba, wani ma daga kudu ya taso da ruwansa. Ka taɓa shi ka ji a bushe, amma cikinsa jiƙe yake. Gwaji mai sauƙi: yanke santimita 30 daga bakin falankin, ka ɗora bayan hannunka a sabon yankan. In ka ji sanyi, da saura. In ƙurar zarton tana dunƙulewa a hannu maimakon ta watse, da saura.

Yadda muke shanya shi: a inuwa, inda iska ke ratsawa, a ɗaga daga ƙasa kamar santimita 40 a kan bulo. Tsakanin falanki da falanki a jera ƙananan sanduna busassu masu kaurin inci ɗaya, tazarar santimita 50, kowace sanda daidai kan ta ƙasanta. In suka goce wa juna falankin zai bushe a karkace. A ɗora bulo a sama don nauyi. Bakunan biyu a shafe su da ragowar fentin mai ko narkakken kyandir, domin ta baki ruwa ya fi saurin fita, daga nan tsagewa ke farawa. Kada a jingina shi a bango cikin rana da sunan sauri.

Malamin koyar da aikin katako, Kaduna

Abin da Oga ya faɗa haka yake, bari in sa masa lissafi. Katako ba ya daina shan danshi da fitar da shi, ko ya shekara ashirin. A Agusta danshin iska a ƙasar Hausa kan kai kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, busasshen katako ya tsaya da ruwa kashi 13 zuwa 16 a jikinsa. A Janairu da Fabrairu danshin kan sauka ƙasa da kashi 20, katakon ya koma kashi 4 zuwa 5. Tazarar nan babba ce, shi ya sa 'yar ratar da aka saba bari don motsin katako takan yi mana kaɗan.

Tsukewar a faɗi take, tsawo kusan ba ya motsi. Ga katako irin maɗaci, ɗauki kashi 0.2 cikin ɗari na faɗi a kan kowane kashi ɗaya na ruwa da ya fita. Saman santimita 80, ruwa ya sauka da kashi 8 kawai: milimita 13 ke nan, ya haura rabin inci. Sandar firam ɗin da ta gitta a ƙarƙashi ba ta rage tsawo ba, sukuru sun riƙe gefe da gefe. Saman yana neman tsukewa an hana shi, dole ya yage a inda ya fi rauni. Da gam ɗin ya fi haka ƙarfi, da tsakiyar wani falankin ne zai ƙara tsagewa.

Maganinsa a bar shi ya yi motsinsa. A sandunan da suka gitta, sukuru na tsakiya kaɗai za a ɗaure a rami zagayayye. Sauran a huda rami biyu dab da juna, a haɗe su da kurfi ya zama dogon rami na milimita 15 mai bin faɗin tebur, a sa wasa, wato ɗan zoben ƙarfe, a ƙarƙashin kan sukurun, a ɗaure daidai ba a murɗe shi har ya nutse ba. Kada gam ya shiga tsakanin sama da firam ko ɗigo ɗaya.

Wanda ba shi da mitar auna danshi, sikelin kicin ya wadatar. Yanki guntu daga falankin, auna, rubuta nauyin a jikinsa da fensir, ajiye shi cikin jerin. Duk mako a sake aunawa. Ranar da nauyin ya tsaya mako biyu a jere, katakon ya daidaita da iskar wannan lokacin. Na wannan lokacin fa, ba na shekara duka ba.

Mai haɗa kujeru, Jos

Ni ban wanke gam gaba ɗaya ba. Layin da aka haɗa daidai ya fi katakon ƙarfi, in an fasa shi da guduma sai ka ga tsokar itacen ta biyo gam. Nasa kuwa layin ne ya buɗe. Ɗan'uwa, leƙa cikin tsagar da tocila. In fuska biyun sumul suke suna ƙyalli, haɗin bai kama ba tun farko, kuma dalilan ba su da yawa.

Ko dai bakunan ba su zauna da juna ba. Farin gam, Top Bond ne ko Fevicol ko Ponal, ba ya cike gurbi. Kafin a buɗe robar gam, a ɗora baki a kan baki a duba ta hasken taga, in haske ya ratsa a koma kan filen, wato abin fere katako. Dabarar da ke taimakawa a haɗa falanki biyun fuska da fuska a fere bakunansu lokaci guda, ko hannu ya ɗan karkace, karkatar ɗaya za ta cike ta ɗayan. Sannan a ƙara ferewa sau biyu sama-sama a tsakiya kawai, yadda bakunan za su haɗu tsakiya ta bar rata kamar kaurin takarda biyu. Kilam, wato ƙarfen matse katako, zai rufe ta, bakunan su zauna a matse. Tunda baki ke fara bushewa, wannan matsin ke hana irin buɗewar da ka gani.

Ko kuma gam ɗin an tsinka shi. Wanda ake aunawa a leda ko gwangwani, sau da yawa ruwa ya yi masa yawa. Kashi 5 cikin ɗari shi ne iyaka. Tsoma sanda ka ɗaga, mai kyau zai sauko da igiya, tsinkakke zai ɗiga.

Ko lokaci ya ƙure. A damina kana da kusan minti goma daga shafawa zuwa matsewa. A hunturu kafin minti biyar ya yi fata, gam da ya yi fata kuwa ya gama aiki. Don haka a yi gwajin haɗawa ba gam, a saita kowane kilam, sannan a shafa. Falanki huɗu a haɗa su bibbiyu, daga baya a haɗa rabi da rabi. A goge ƙurar hunturu daga bakin da busasshen tsumma dab da shafawa.

Alamar gam ya isa ita ce ƙananan ɗigo su fito a tsawon layin duka. Kilam kowane santimita 25 zuwa 30, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa don kada saman ya bankare. A sa leda tsakanin ƙarfen da katako, domin jiƙaƙƙen gam da ƙarfe suna barin baƙin tabo a maɗaci. Awa ɗaya a matse, awa 24 kafin a yi masa aiki.

Mai tambaya, Zariya

Na duba, sumul suke. Ba ni da kilam, ƙusa na gitta musu ta baya. Wani ya ce in gwada Evo-Stik.

Kafinta, Kano

Evo-Stik na fomaika ne da katifar kujera da fata. Ko ya bushe roba ne, yana miƙewa, ba a haɗa falanki da shi. A wurinsa ma sai an shafa fuska biyu, a jira minti 10 zuwa 15 har ya daina bin yatsa, sannan a manna sau ɗaya, babu gyara.

Daga Damagaram

Rashin kilam ba ya hana aiki, mu nan da yawa ba mu da shi. Sami tsohon tif na tayar mota, yanka shi zobe-zobe ko dogon zare mai faɗin santimita 3, ka ja shi ka naɗe. Kowane zagaye yana ƙara matsi. Ga ƙafar kujera da ƙananan akwatuna babu kamarsa.

Saman tebur kuwa, kafa sanduna biyu masu kauri a kan benci da sukuru, tazararsu ta fi faɗin saman da santimita 5. Shimfiɗa leda, jera falankin, sai ka yanka katako mai tsini bibbiyu, ka sa su a ratar suna fuskantar juna, ka riƙa buga su da guduma kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan. Matsin da suke bayarwa ya ishi farin gam. Ɗora bulo a kan layin don kada ya tashi.

Wanda zai yi aiki da itacen gida: dogon yaro yana da kyau kuma ƙwari ba su cika damunsa ba, amma yana tsagewa in an gaggauta shanya shi. Ƙirya, wadda ake sassaƙa turmi da ita, ba a buga mata ƙusa ko sukuru sai an huda, in ba haka ba ƙusar ta lanƙwashe ko kan sukurun ya cire.

Daga Kumasi

Gaisuwa ga iyayenmu na arewa. Kayan da aka haɗa a nan Sokoban, unguwar 'yan katako ta Kumasi, aka kai Tamale ko Bolgatanga a arewacin Ghana, abin da ke samunsu ke nan a hunturun farko, ko da busasshen katako aka yi su, don busasshen kudu ɗanye ne a arewa. A bar katako ya yi wata ɗaya ko biyu a garin da kayan za su zauna kafin a yanka.

Ƙarin bayani kan odum, wanda a Najeriya ake kira iroko, da kuma itacen tik (teak). Motsinsu kaɗan ne, sun dace da saman tebur, amma suna da maiƙo a jiki. A fere bakin, a goge da tsumma mai asiton, ruwan sinadarin da ke narkar da maiƙo, ya bushe, a sa gam nan take. In aka bari ya kwana maiƙon zai dawo. Odum yana da farin dutse a cikin tsokarsa da ke dakushe filen, ƙurarsa kuma tana sa tari da ƙaiƙayi, a rufe hanci. Abin da zai zauna a waje ko kusa da ruwa, a duba robar gam a ga D3 ko D4, alamar gam mai jure ruwa, ko a yi amfani da Araldite mai jinkirin kamawa, a gauraya bututu biyun daidai wa daida. Shi ba a matse shi da ƙarfi, in ya tsiyaye duka layin ya zama fanko.

Mai ƙananan kabad, Abuja

Ni mace ce mai aiki a baranda, ba ni da filin shanya katako, don haka faffaɗan wuri duk fulawud, allon da aka yi da falle-fallen katako manne da juna, nake sawa mai milimita 18, in rufe bakinsa da siririn maɗaci mai faɗin santimita 2. Fulawud ba ya wannan motsin saboda an gitta yadudduka. MDF, allon da aka yi da niƙaƙƙen katako da gam, shi ma ba ya tsagewa da hunturu, sai dai in ruwa ya taɓa bakinsa ya kumbura ba ya komawa, sukuru kuma a bakinsa sai an huda tukuna, a nisanta santimita 5 daga kusurwa. Bakin MDF da ƙarshen katako inda aka yanke shi suna shanye gam. Ina gauraya gam da ruwa rabi da rabi in shafa, in jira minti goma, sannan in sa gam na sosai.

Malamin koyar da aikin katako, Kaduna

Hajiya ta kawo hanya mafi sauƙi ga mai farawa. Malam na Zariya, ga gyaran naka. Kwance sukurun duka, ka jingina saman a cikin ɗaki iska na samun fuska biyu, mako biyu. Kankare banish ɗin, doron zai ragu da kansa. Layin da ya buɗe kada ka ɗura masa sabon gam, farin gam ba ya kama tsohon da ya bushe. Bi layin da zarto ka raba shi, fere bakunan har sabon itace ya fito, ka sake haɗawa yadda na Jos ya bayyana. Za ka yi asarar milimita 4 ko 5 na faɗi, ba mai lura.

Falankin da ya tsage, in tsagar tana rufuwa da matsin hannu, buɗa ta kaɗan da bakin kurfi, tura gam ciki da siririyar takarda mai ƙarfi, ka matse. In ba ta rufuwa, cike ta da Araldite da aka cuɗa da ƙurar sanfefa ta maɗacin. Goge da sanfefa lamba 80, 120, sannan 180, kana bin tsawon itace.

Wajen mayar da saman, tuna yanzu yana mafi ƙanƙantarsa ne. Sa sukurun a ƙarshen dogon ramin ta ɓangaren ciki, domin in damina ta sauka waje zai buɗa.

Kafinta, Kano

Haka ma durowa da ƙofar kabad. Wadda ka yi a Janairu ta shige cif, a Agusta sai ka sa ƙafa kafin ta fito. In a hunturu kake aiki, bar milimita 3 a saman durowa mai tsayin santimita 15, ƙofa kuma milimita 3 kowane gefe. In a damina ne, milimita 1 ya isa. Allon tsakiyar ƙofa ya zauna a cikin kwarin firam mai zurfin milimita 10 ba gam, kuma a shafa masa kala da banish har bakinsa kafin a haɗa, in ba haka ba da ya tsuke za ka ga farin layi a gefe. Durowar da ta riga ta fara cijewa, goga mata kyandir a inda take gogar jiki kafin ka kai mata filen.