Sai ka nemi izinin masunci kafin ka ɗauke shi hoto?

Mai Kyamara: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙara na kawo, ina son a yi mini alƙalanci. Da sanyin safiya na gangara bakin teku a Jamestown, nan Akra, ƙasan hasumiyar fitilar nan mai ja da fari. Rana na ɓullowa ke nan, wani dattijo na tsaye cikin ruwa iya gwiwa yana sauke taru daga kwalekwale, haske ya bugo ta bayansa. Na durƙusa na ɗauka. Kafin in miƙe samarinsa sun zagaye ni, wai ko in biya ko in goge. Na goge a gabansu don a rabu lafiya. Amma ni har yanzu ina kan bakana: bakin teku ba gidan kowa ba ne. Wanda ya fito aiki a bainar jama'a ido na ganinsa, kyamara kuwa ai ido ce. Ba izinin da zan nema, ba ko sidi ɗaya da zan biya.

Hajiya Mai Banda: Wa alaikumus salam. Ɗana, ido yana gani ne ya wuce. Kyamara ɗauka take yi ta tafi da abin, gobe a gan shi a Facebook. A gaɓar nan nake sarin kifi tun kafin a yaye ka. Mutanen nan sun gaji da masu hoto, balle shekarun da ake yin bikin zane-zanen kan titi na Chale Wote a nan, wanda aka fara a 2011, lokacin unguwar ba ta hutawa. Baƙi su zo su ƙyasta su tafi, ban taɓa ganin wanda ya dawo da hoto ko ɗaya ya ce baba ga naka ba.

Tsohon Ɗan Jarida: Hajiya, a yi mini afuwa, amma a rabin maganar nan ina bayan yaron. Duk wanda ya taɓa riƙe kyamara ya san abin da neman izini ke yi wa hoto. Da ka ce "baba zan ɗauke ka", ya saki igiya, ya gyara tsayuwa, ya ƙura maka ido kamar mai hoton fasfo. Aikin da ka zo ɗauka ya tsaya ke nan.

Biyan kuɗi kuma ya fi wannan muni. Ku dubi kudancin Siri Lanka, wajen Koggala da Weligama, inda masunta ke ɗarewa kan sandar da aka kafa cikin ruwa suna jefa fatsa. Hotonsu ya zaga duniya. Bayan ambaliyar tsunami ta 2004 kamun kifi a gaɓar ya ja baya, masu yawon buɗe ido kuma suka yi ta ƙaruwa. Yau da yawa daga masu hawa sandunan nan ba kifi suke jira ba, motar baƙi suke jira. Su hau, a ɗauka, a biya, su sauko. Wanda ya ga hoton a mujalla yana zaton sana'a ya gani, alhali wasan kwaikwayo ne. In muka saba wa masuntan Jamestown da sidi kan kowace ƙyastawa, can za mu kai su.

Hajiya Mai Banda: To Alhaji, in na Siri Lankan sun samu na cefane ta haka, laifin me suka yi? Kai gaskiyar hoto ta dame ka, su tukunya ta dame su.

Tsohon Ɗan Jarida: Ban ce sun yi laifi ba. Mai hoton da ya sayar da shi a matsayin gaskiya shi ne mai laifin.

Ɗan Sarkawa: Ku ba ni wuri, ni a gidan masunta na tashi, a Yawuri. Akwai abin da ku masu kyamara ba ku gani. Kuna ganin haske da inuwa, shi masunci yana tunanin abin da ke cikin jirginsa. Hoto ɗaya zai nuna girman idon tarunsa, ya nuna ƙanƙantar kifin da ya kamo, ya nuna ko akwai janareta da fitila a ƙasan jirgin. A Gana an hana kamun kifi da fitila, an hana taru mai ƙananan ido, a 2019 kuma an sa wa masu kwalekwale lokacin hutun dole a karon farko. Ban ce dattijon nan ya karya doka ba. Amma bai san ka ba, bai san wa ya aiko ka ba, bai san inda hoton zai kwana ba. Ko mai gaskiya ne sai gabansa ya faɗi.

Mai Kyamara: Yaya, ai ka ƙara mini hujja ne. In akwai masu kwashe 'ya'yan kifi, ɗaukarsu hoto taimakon al'umma ne. Kowa na kukan kifi ya ƙare a teku.

Ɗan Sarkawa: Wa ya ƙarar da shi? Ka taɓa jin saiko? Manyan jiragen masana'anta ne suka yi shekaru suna share ƙananan kifin da ya kamata masu kwalekwale su kama, su daskarar da shi falle-falle, su sayar wa wasu jirage a tsakiyar teku a kawo gaɓa. Har Tarayyar Turai ta ba Gana katin gargaɗi a 2021 kan sakaci da haramtaccen kamun kifi, kuma ba shi ne karo na farko ba, an taɓa ba ta a 2013. Kyamararka ba ta kai wa ga waɗancan jiragen, suna can inda ko hayaƙinsu ba ka hangowa. Wanda take kai wa gare shi shi ne tsoho mai gajeren wando. A ƙarshe fuskarsa ce za ta zauna ƙarƙashin kanun labarin da ke cewa masunta na kashe teku.

Tsohon Ɗan Jarida: Wannan kam ta shiga. Na sha ganin an ɗauko hoton bawan Allah daga ma'ajiya an liƙa a labarin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Amma wannan laifin edita ne da mai rubuta bayanin ƙasan hoto. Kada a ɗora wa ƙyastawar.

Ɗalibar Shari'a: Baba Alhaji ya taɓo inda nake so in shiga. Ana ta haɗa abu biyu wuri ɗaya: ɗaukar hoto daban, abin da za a yi da shi daban. Gana na da dokar kare bayanan mutane ta 2012, Najeriya ta yi tata a 2023, kuma hoton da za a gane fuskar mai shi yana cikin bayanan mutum. A Faransa ma sun fi tsanani, mutum na iya kai ka kotu don ka wallafa hotonsa ba da yardarsa ba. Sannan ku duba kasuwar kanta. Kamfanonin sayar da hotuna irin su Getty Images da Shutterstock ba sa karɓar hoton da ake gane mutum don talla sai da takardar amincewa mai sa hannunsa. Na labarai ne kawai ke wucewa ba ita. Yaya Mai Kyamara, tambayata ɗaya: da ba ka goge ba, ina za ka kai shi?

Mai Kyamara: Shafina na Instagram. Wataƙila in shiga gasa da shi.

Ɗalibar Shari'a: In ka ci gasar, kuɗin na wa?

Mai Kyamara: Nawa mana. Ni na tashi da asuba, ni na sayi kyamara, ni na san inda zan durƙusa. Mutum dubu sun wuce dattijon nan ba wanda ya ga hoto a jikinsa sai ni.

Hajiya Mai Banda: Shi kuma a tsakiyar teku ya kwana kafin ka tashi da asubar taka. Ya ci bashin man inji, ya dawo wataƙila da abin da bai cika kwano biyu ba. Yana cikin wannan lissafin ne ya ɗago ya ga yaro durƙushe yana auna shi.

Malam Na Zango: Allah ya shirye mu. Na so in yi shiru amma bari in sa baki kaɗan. Wani ya turo mini ta gefe yana cewa wannan tajassusi ne, ya kawo aya ta 12 ta Suratul Hujurat. Ni ban ga haka ba. Tajassusi bin diddigin abin da mutum ya ɓoye ne, wannan kuwa a fili yake aikinsa. Inda na fi tsayawa shi ne ka'idar nan ta babu cuta babu cutarwa. Mai aikin ruwa ba cikin shigar mutunci yake ba. Wando ya jiƙe ya manne, ƙirji a buɗe, wani lokaci har cinya. Mutumin nan yana da 'ya'ya da surukai, wataƙila mai faɗa a ji ne a unguwarsu. Halin da ya yarda abokan aikinsa su gan shi a ciki ba lalle ne ya yarda duniya ta gan shi a ciki ba, kuma har abada, don abin da ya hau intanet ba ya saukowa.

Mai Kyamara: Allah ya gafarta Malam, to Argungu fa? Dubban mutane ba riga, da goruna da koma, suna faɗawa kogin Matan Fada, kyamarorin duniya na kansu. Wa ya nemi izinin wa?

Ɗan Sarkawa: Haba ƙanena. Argungu biki ne, tun 1934 don a zo a kalla ake yin sa, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Wanda ya ɗauki gorarsa ya shiga layi ya san kallo ya fito bayarwa. Kuma ko a can ba mai taɓa ruwa sai Sarkin Ruwa ya ba da dama. Je ka wani ƙauyen bakin Kainji ranar da ba biki ka fara ƙyasta mutane ba sallama, ka dawo ka ba mu labari.

Hajiya Mai Banda: Akwai kuma abin da baƙo ba zai sani ba. A 2020 aka rushe rumfuna da matsugunan gaɓar nan don gina sabuwar tashar masunta, wadda aka buɗe a 2024. Mutane sun rasa wurin kwana da wurin sana'a. Tun daga lokacin, duk wanda ba su sani ba in ya zo yana ɗaukar wuri, abin da ke fara zuwa ransu shi ne me kuma za a rushe.

Kuma hanya a buɗe take, ku ne ba ku son bi. Kowace gaɓa tana da sarkin masuntanta. Ka je ka gaishe shi, ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka. Ranar Talata ta fi, don bisa al'adar ƙabilun Ga da Fante ba a shiga teku ranar, kowa na zaune yana ɗinkin taru, akwai lokacin hira. In ya haɗa ka da yaro ɗaya, magana ta ƙare.

Tsohon Ɗan Jarida: Wannan na yarda da shi, don ba izinin kowace ƙyastawa ba ne, izinin zama ne. Ka yi ta zuwa har su gaji da kallonka su koma aikinsu, a nan hoton gaskiya ke fitowa. Kuma yaro, tunda hasken ta baya ya zo maka, da ka auna shi a kan sararin sama, da dattijon ya fito baƙi wuluk, inuwa kawai da zaren taru na ƙyalli. Ba fuska, ba rigima.

Ɗan Sarkawa: Alhaji, ba fuska amma akwai jirgi. Kwalekwalen Gana da ake sassaƙawa daga itacen wawa kowanne da fentinsa, da tutarsa, da sunan da aka rubuta masa a gefe, wani ayar Baibul, wani sunan ƙungiyar ƙwallo. A gaɓar nan yaro ƙarami ma in ya ga gefen jirgi zai faɗa maka mai shi da sunan matarsa. Ku ne kuke gane mutum da fuska.

Mai Kyamara: Na ji duka. Gaisuwa zan yi, don ladabi ne. Amma ban janye ba: ladabi daban, dole daban. Ranar da aka ce sai da izini ake ɗaukar abin da ke faruwa a fili, masu abin ɓoyewa ne za su fi kowa murna, ba masunta ba.

Ɗalibar Shari'a: A kan 'yan siyasa da masu iko, ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Dattijo mai taru ba ya cikinsu.

Mai Kyamara: Wa zai riƙa tantance wanda ke ciki da wanda ba ya ciki? Ke?

Ɗan Autan Zaure: Ni fa ban ga abin wahala ba. Ku sayi ɗan jirgin nan mara matuƙi mai kyamara, ku tsaya can nesa ku ɗauko su ta sama. Ba wanda zai zagaye ku.

Ɗalibar Shari'a: Wannan ma sai ka yi masa rajista da hukumar sufurin jiragen sama ta Gana tukuna.

Ɗan Sarkawa: Auta, ka yi rajistar. Amma ka sani mutanen da kake son shawagi a kansu sun yi shekaru suna jifan abin da ke motsi da taru, kuma ba su cika kuskure ba.