Kyaututtukan tseren dawakai mai nisa

Mai tambaya daga Gombe: Assalamu alaikum. Shin ya kamata ƙa'idar raba kyaututtuka a tseren dawakai mai nisan zango ta zama ɗaya ko'ina, ko kuwa a bar wa masu shiryawa?

Mahayi daga Bauchi: Wa alaikumus salam. Lafiyar doki ba ta karɓar sassauci. A ƙa'idar FEI, wato hukumar wasannin dawakai ta duniya, dokin da bugun zuciyarsa bai sauko zuwa 64 a minti ba cikin lokacin da aka ware, fitar da shi ake yi, ko da shi ne a gaba.

Dattijo daga Dukku: Gaskiya ne, malam. Amma batun kyaututtuka kamar sirdi, kuɗi ko kyautar matasa, a bar wa mai ɗaukar nauyi, muddin ya sanar tun kafin a tashi, domin sauya sharaɗi bayan an sauka zalunci ne.