Gida ko makaranta: wanne kuka fara nema da za ku koma bayan gari?

Uwar yara uku: Assalamu alaikum jama'a. Mai gidan da muke haya ya ba mu wata uku mu tashi, kuma haya a cikin gari ta fi ƙarfinmu. Maigidana ya ƙyalla ido ya hango wata sabuwar unguwa can bayan gari, irin wadda kullum ka je sai ka tarar an ɗora sabon rufi. Ɗaki uku da falo, ga tsakar gida da yara za su sake. Ni abin da ya hana ni barci makaranta ce: babbar saura mata shekara ɗaya ta gama firamare, mai bi mata yana aji 2, autan bai fara ba. Waɗanda suka riga mu yin irin wannan ƙaura, don Allah ku faɗa mana abin da kuka gani da idonku.

Baban 'yan biyu: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kuskurena ɗaya ne, ranar hutu da rana na je ganin gidan. Minti 20 sai ga ni a ƙofa, na ce ai kusa ne. Safiyar Litinin ta farko da muka tare, minti 55 muka yi, don duk unguwar hanya ɗaya ce ke fitar da ita, ga manyan motocin yashi a gaba. Na bar yara a tsohuwar makarantarsu saboda na saba da malaman. Ki lissafa: zuwa da dawowa sau biyar, sama da awa 9 ke nan a mako suna zaune a mota. Likitocin yara sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, nawa kuwa ƙarfe biyar ake tashinsu. Wata safiya na leƙa ɗaki na tarar da ɗayan ya koma barci a zaune, takalmi ƙafa ɗaya, igiyar tana hannunsa. Ranar na fara neman makaranta a kusa. Wani abu kuma da ba wanda ya gaya mini: unguwarmu tana yamma da gari, don haka da safe rana a idona, da yamma ma rana a idona.

Malama: Shekarata shida ina koyarwa a irin waɗannan unguwanni, bari in faɗi abin da iyaye ba sa dubawa. Fenti da kyan yunifom suke kallo. Makarantar unguwa mai tasowa cika take yi a tsakiyar shekara, saboda mutane ba sa jiran farkon zango kafin su tare. Na taɓa buɗe aji da yara 26, kafin zango na uku ina kiran suna 51, benci na mutum biyu ya koma na huɗu. Ma'aunin da aka saba ambatawa a duniya shi ne kada malami ɗaya ya wuce yara 40, kuma wallahi ko 40 ɗin ba ka iya duba littafin kowa.

Idan za ki je, kada ki sanar. Ki shiga wajen ƙarfe sha ɗaya ana tsakiyar darasi, ki roƙi a ba ki littafin rubutun yaro ɗaya daga bencin baya, ki duba yaushe rabon da jan biro ya taɓa shi. Ki leƙa banɗaki. Sannan ki tambayi shugaban makarantar malamai nawa ne suka shekara uku a wurin. Idan ya fara kame-kame, kin samu amsa. Yawancinmu daga cikin gari muke zuwa, kuɗin mota na cinye albashi, da an samu aiki kusa da gida sai a gudu. Yaro ya canza malamin lissafi sau uku a shekara, ina zai gane?

Tsohon ma'aikaci: Malama, ba na ja da ke, amma kada a tsorata baiwar Allah. Lokacin da na gina nawa gida bakwai ne a layin. Da na jira makaranta ta fara zuwa, da filin ya fi ƙarfina har abada. Mun sha wuya shekara biyu, yanzu yarana a ƙafa suke zuwa, minti goma.

Baban 'yan biyu: Baba, ka yi sa'a ne. Ni dillali ya nuna mini wani fili da allo a kafe, ya ce nan za a gina sakandare. Shekara huɗu ke nan, bulo ake bugawa a wurin.

Anti mai ɗinki: Ni ta ruwa zan yi magana, don shi ya ba ni kashi. Da rani muka kama gida, ƙasa ƙayau. Shekarar farko lafiya lau. A ta biyu aka gine filayen da ke samanmu, kowa ya malale tsakar gidansa da siminti, ruwan da a da ƙasa ke shanyewa ya rasa wurin zuwa sai layinmu, ga shi ba a yi magudana ba. Kwana tara a zango ɗaya motar makaranta ta ƙi shigowa, sai in goya ƙaramar in riƙe hannun babbar mu fita bakin kwalta, takalmansu a leda. Ki duba gindin katangar maƙwabta, ruwa yana barin zane a inda ya tsaya. Kuma idan rijiya gidan ke sha, ki auna tazararta da ramin masai, har da na maƙwabci. Mita 30 ake so, a ƙananan filaye kuwa da wuya a samu.

Mai lissafi: Ana cewa kada gida ya ci sama da kashi 30 cikin 100 na abin da mutum ke samu. Ni na sauko ƙasa da haka ina murna, sai mai da gyaran mota da kuɗin motar makaranta suka cike gurbin har da ɗori. Ki haɗa haya da sufuri da kuɗin makaranta a layi ɗaya kafin ki kwatanta. In da hali ku fara da haya ta shekara ɗaya, kada ku saya, ku ga rani ku ga damina.

Kakar yara: 'Yata, babbar nan ki ƙyale ta ta ƙarasa inda take, ko da za ta riƙa kwana wurin dangi ranakun makaranta. Jikata aka cire a shekarar ƙarshe, ta tarar sun wuce abin da ba ta yi ba, sun kuma maimaita abin da ta sani. Ƙananan ba ruwansu, mako biyu sun yi abokai.

Uwar yara uku: Allah ya saka da alheri. Jiya Litinin na tasa maigidan gaba, ƙarfe shida da rabi muna ƙofar gidan, muka kama hanya kamar masu kai yara. Minti 48, bai ce uffan ba har muka iso. Makarantu biyu na shiga ba sanarwa. A ta farko littafin da aka miƙo mini rabonsa da maki tun makon farko na zango. Ta biyu ba ta da kyan gini, amma malamar aji 2 shekararta biyar a wurin, kuma a unguwar take zaune. Sai dai tana can ɗaya gefen babban titi, gidan da muke so kuma yana wannan gefen. Anti, zanen da kika ce na gan shi a katangar maƙwabcin, ya kai mini gwiwa. Yanzu mun sa dillali ya nemo mana a gefen makarantar, ko da ɗaki biyu ne. Akwai wanda ya taɓa zama da yara uku a ɗaki biyu? Yaya kuka yi da wurin karatu da dare?