Ayarin sadaka zuwa ƙarshen Cape York: a bi Tsohuwar Hanyar Tangaraho ko a kauce mata?

Jagoran Ayari: Jama'a, assalamu alaikum. Maganar da na kawo ita ce ta ayarin motoci masu jan ƙafa huɗu da kan tashi daga Cairns, a jihar Queensland ta Ostireliya, su nufi Pajinka, can ƙuryar arewacin Cape York, don tara kuɗin taimako. Zuwa kaɗai kusan kilomita 1,000 ne, kuma da rani ake yi, daga wajen Yuni zuwa Oktoba, domin da damina koguna kan datse hanya. Ana wuce Lakeland da Laura da Coen, sai a Bramwell Junction hanya ta rabu biyu. Akwai ta burji wadda gireda ke bi, akwai kuma Tsohuwar Hanyar Tangaraho da ta bi sawun layin wayar da aka kammala a 1887, wadda ba mai gyara ta. Ra'ayina shi ne ayarin sadaka bai kamata ya saka ƙafa a tsohuwar hanya ba. Yawancin masu shiga irin wannan tafiya ba direbobin daji ba ne, mutane ne masu son taimako da suka sayi mota mai ƙarfi. Inji ɗaya da ya sha ruwa a Nolan's Brook, wani rafi mai zurfi da ke ɓangaren arewa na tsohuwar hanyar, zai iya cinye fiye da abin da motar ta tara. Mai ja da wannan, bismillah.

Bakaniken Dizal: Wa alaikumus salam. Ina bayanka, Malam Jagora, kuma bari in faɗi abin da ke faruwa a cikin injin. Kamfanin Toyota ya ƙayyade wa Hilux da LandCruiser 70 zurfin ruwan da za su iya ratsawa santimita 70, kamfanin Ford kuma ya ƙayyade wa Ranger 80. Nolan's Brook a wasu lokutan yakan kai bonet, ƙasansa kuma yashi ne mai laushi, taya na juyawa tana haƙa wa kanta rami, mota na ƙara nutsewa. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Idan ko rabin kofi ya shiga silinda, fistin zai taso ya tarar da abin da ba ya motsi, sai kwanrod, wato sandar ƙarfen da ke riƙe fistin, ta lanƙwashe ko ta fasa bulok. A injin dizal abin ya fi muni saboda matsinsa ya fi na fetur nesa ba kusa ba.

Mutane suna ɗauka da zarar an ɗaura bututun shaƙar iska zuwa saman gilashi an gama. Ina! Bututun da yawa don ƙura aka yi shi, mahaɗansa ba a liƙe suke ba, kuma akwatin matatar iska yana da ɗan ramin zubar da ruwa a ƙasa wanda in ba a toshe ba ta nan ruwan zai shigo. Ga fanka, wadda ruwa ke lanƙwasa fukafukanta gaba su yanki lagireto. Ga aksul da giyabos: in sun yi zafi aka tsoma su a ruwan sanyi, iskar ciki takan tsuke ta zuƙo ruwa ta hancin numfashinsu, mai ya koma fari kamar madara, boris ya ci kansa bayan 'yan kwanaki. Ga altaneta da kwamfutar mota, wadda a wasu motocin a ƙasa-ƙasa take, kusa da ƙafar fasinja.

Direban Daji: Oga Bakanike, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, amma kowanne yana da magani, kuma maganin ba mai tsada ba ne. Kafin a bar Cairns a liƙe mahaɗan bututun, a toshe ramin akwatin, a ja hancin numfashin aksul biyu da giyabos da ƙaramin tiyo zuwa saman ɗakin inji. A bakin rafi a tsaya kamar minti 15 ƙarfe ya huce. A ɗaura tamfol a gaban mota daga bamba zuwa bonet. A sauke gilasai, a kwance bel ɗin kujera. A ɗaura igiyar ja tun a tudu, a naɗe ta a ajiye a saman bonet, motar ceto kuma ta riga ta tsaya a ɗaya gaɓar. A sa ƙaramar giya, lamba biyu, a shiga a hankali har ruwa ya yi tudu a gaban mota, a riƙe wannan gudun, kada a taɓa kuloci a tsakiyar ruwa. Idan inji ya mutu a ciki, kada wanda ya sake murɗa makulli. A jawo ta, a buɗe matatar iska a duba, in da jiƙa a cire filogin ɗumama inji ko nozul, a juya inji ya tofar da ruwan, a canja baƙin mai.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauka hanyar burjin lafiya lau ce. Gargadarta ba ta da kyau. Tana dafa shokazoba har ta daina riƙewa, tana kwance notuna, tana karya ƙafar kariya da maƙalar batir. Saboda tana da faɗi mutane suna taka mota, ga ƙura ta rufe gaba, ga manyan motocin kaya, ga kwari da ke bayyana ba zato. A tsohuwar hanya gudun mutum bai wuce na mai sassarfa ba a wurare masu wuya. Can ƙarfe ne ke lalacewa. Kifewar da ke taɓa rai a kan burji da gudu take faruwa.

Ma'ajiya: Malamai, ku bar ni in shigo ta ɓangaren kuɗi, domin ina ganin hujjar farko ta Malam Jagora tana da rauni. A ayarin da aka tsara da kyau, asusu biyu ne da ba sa haɗuwa. Mota da mai da abinci da gyara daga aljihun mai shiga suke fita. Kuɗin sadaka kuwa ana tara shi tun kafin a tashi, kowace mota da mafi ƙarancin abin da za ta kawo, a zuba kai tsaye a asusun ƙungiyar da ake taimakawa. Wannan salon tafiya ya daɗe a Ostireliya: a 1985 ɗan kasuwa Dick Smith ya jagoranci ayari daga Bourke zuwa Burketown, aka tara dalar Ostireliya 250,000 ga ƙungiyar Variety mai taimakon yara, daga nan abin ya zama na shekara-shekara. To idan injin wani ya buga, asararsa ce, ba ta yaran ba.

Amma akwai inda nake tare da kai. Motar bakanike da motar ceto da wayar tauraron ɗan Adam da inshorar ayari galibi daga kuɗin shirya tafiya suke. Duk yadda hanya ta ƙara wuya, wannan kason yana kumbura. Kuma kowane mai mota ya karanta takardar inshorarsa da kyau, ya samu amsa a rubuce kan shigar ruwa da kuma kuɗin ɗauko mota daga hanyar da ba ta kwalta ba, domin ba kowace takarda ce ta ɗauki wannan ba.

Jagoran Ayari: Hajiya, na karɓi gyaran asusu. Sai dai wanda ya rasa inji a bana da wuya ya dawo baɗi, kuma ayarin sadaka da masu dawowa yake rayuwa. Bari in kawo lissafin lokaci, wanda shi ya fi damuna. A ce motoci 20. A Palm Creek, mashigin farko da ke 'yan kilomitoci daga Bramwell, gangaren shiga da hawan fita duk masu tsayi ne, taɓo kuma yana ƙara santsi da kowace motar da ta wuce tana ɗigar da ruwa. Ko minti 10 kowace mota ta ci, minti 200 ke nan, sama da awa uku, a rafi ɗaya. Ga mashigan rafukan Dulhunty da Bertie da Gunshot da Cockatoo suna jira a gaba. Motar ƙarshe ita ke samun hanya mafi lalacewa, a lokacin da kowa ya gaji. Sannan jirgin fiton kogin Jardine, wanda sai an haye shi ake kaiwa ƙuryar arewa, da rana kawai yake aiki. In an makara, a gaɓar kudu za a kwana, makarantar da aka yi wa alkawarin kai kaya a garin Bamaga da ke ƙetaren kogin kuma ta yi ta jira.

Malamar Jinya: Yaya Direba, maganarka ta gudu a kan burji haka take, amma ka tsallake inda tsohuwar hanya ke taɓa mutum, wato wajen jawo motar da ta maƙale. Igiyar ja mai talewa tana tara ƙarfi sosai. Idan aka rataya ta a ƙwallon jan tirela, ƙwallon kan tsinke ya tashi ya fasa gilashi, kuma an rasa rayuka ta wannan hanyar a Ostireliya. A ayarin sadaka kowa yana son ya taimaka, kowa yana son ya ɗauki hoto, sai ka ga mutane sun yi dafifi daidai inda bai kamata ba. Idan aka ji rauni a can, likitocin jirgin sama na Royal Flying Doctor Service suna da sansani a Cairns, amma jirginsu fili yake nema ya sauka, ba bakin rafi ba. Sai an fito da mara lafiya a mota ta kan hanyar da ta ji masa ciwon. Wayar hannu ba ta kamawa a yawancin wurin. Don haka ko wace hanya aka zaɓa, a riƙe wayar tauraron ɗan Adam a motar gaba da ta baya, da na'urar kiran agaji mai aiki a kan zangon rediyo na 406 MHz, da ruwan sha aƙalla lita 5 ga kowane mutum a yini, ban da na ajiya. Sannan al'adar nan ta direbobi ta taka rafi da ƙafa don gwada zurfinsa kafin mota ta shiga, a yi hattara da ita: ƙasar kadoji ce. Kogin Jardine ba a shigarsa, kuma duk ruwan da ba a ganin ƙasansa a bar shi.

Direban Daji: Malama, wannan dokar ayari ce ke magance shi. Mutum ɗaya ke ba da umarni ta rediyon oba-oba, saura su ja baya ninki ɗaya da rabi na tsawon igiyar, kuma gefe, ba a saitinta ba. Igiya mai ƙarfin kilo 8,000 ta dace da motar da ta kai tan uku da kaya, domin ana son ƙarfinta ya ninka nauyin motar sau biyu zuwa uku. A ɗaura a maƙalar ceto da aka yi don haka kuma aka ɗaure a shasi, ba ƙaramin zoben ɗaure mota a jirgi ba. A ɗora bargo mai nauyi a tsakiyar igiya. In an fisga sau biyu ba ta fito ba, a koma ga shebur da winci, wato injin da ke jawo mota da waya, a naɗa madauri mai faɗi a jikin itace don kada waya ta yanke shi.

Kuma ba dole a ci tsohuwar hanya gaba ɗaya ba. Gunshot, gangaren nan da mota ke tsayawa kusan a kan hancinta har bamba ya caki taɓo, yana da hanyar kewaye ta wajen ofishin masu gadin daji na Heathlands. Ni ma ban ce a jefa ayarin sadaka a can ba. Shawarata: a raba ayari rukuni-rukuni na motoci biyar ko shida, kowane rukuni da winci biyu da gogaggen direba ɗaya. A bi ɓangaren kudu a kewaye Gunshot, a fito kan burji, a sake shiga a ga wuraren gangarowar ruwa na Fruit Bat Falls da Eliot Falls. Masu ba da gudummawa hoton mota a cikin rafi ne ke jawo su, ba hoton ƙura ba.

Bakaniken Dizal: In za a yi haka, to a fara da sikeli. Yawancin karyewar da ake ɗora wa hanya laifin lodi ne. Mota ta ɗauki mutum huɗu, da firji, da jarkokin mai da ruwa, da safaya biyu, da kwalayen littattafan da za a raba, ta wuce nauyin da kamfani ya rubuta a farantinta. Sifirin ya kwanta, shasi na motar ɗaukar kaya ya lanƙwashe a bayan ɗakin direba, nauyin kan kariya kuma ya sa ta karkata a gangare. Kayan sadakar a ba motar da za ta bi burji. Iskar taya a rage zuwa wajen psi 26 ko 28 a gargada tare da rage gudu, 18 zuwa 20 a yashi, a mayar da famfo in an hau kwalta. Kowace safiya a bi notunan ƙafa da na kariya, a kaɗe matatar iska, a leƙa man aksul. Mai kuma a cika a duk inda aka samu, Coen da Archer River da Bramwell, domin ƙaramar giya tana shan mai fiye da tafiyar kwalta sosai.

Ma'ajiya: Akwai wanda ba mu ambata ba, masu ƙasar. Bamaga da Seisia da Injinoo da Umagico da New Mapoon garuruwan mutane ne, Pajinka kuma wuri ne mai daraja a wurin 'yan asalin yankin. Duk motar da ta ga gangare ya yi wuya ta buɗe sabon mashigi a gefe, gaɓar rafi take rusawa, damina ta zo ta kwashe. Bai dace a zo da sunan taimako a bar ɓarna da shara ba. A tuntuɓi makaranta ko asibitin tun watanni kafin tafiya a ji abin da suke buƙata, kada a sauke musu abin da ba su nema ba. A kuma san cewa yankin yana da dokar ƙayyade barasar da ake shiga da ita, kuma ana hukunta wanda ya karya.

Jagoran Ayari: Na sassauto zuwa nan: rukuni ƙanana, ɓangaren kudu ga motocin da bakanike ya duba ya sa hannu, Gunshot a kewaye, kayan sadaka da duk wanda bai taɓa ratsa ruwa ba su bi burji mu haɗu a Fruit Bat Falls. Amma a kan ɓangaren arewa ban motsa ba. Gadar gungume ta Cypress Creek sai da mai nuna hannu taya bayan taya, Logan's da Nolan's kuma su ne masu cin inji.

Direban Daji: A kan Nolan's ina nan a kan bakata, Malam Jagora, amma da sharaɗi. A tura mota biyu su auna da sanda da safiyar ranar. In ruwan ya wuce santimita 70 a layin da za a bi, kowa ya fita ta hanyar da ke komawa burji a wajen Mistake Creek. In bai kai ba, masu bututun da aka liƙe aka gwada su shiga ɗaya bayan ɗaya, igiya a ɗaure, motar ceto a gaba. A rubuta wannan a takardar da kowane direba zai sa wa hannu tun a Cairns, domin a bakin ruwa ba wanda ke son a ce shi ne ya juya.