Gwajin jini kafin aikin ƙashin baya: me kuka gani?

Mai tambaya: Sallama 'yan uwa. An sa wa mahaifina ranar aiki, za a ɗaure masa ƙashin baya da ƙarfe. Sun ba mu doguwar takardar gwajin jini, shi kuma ya ce lafiyarsa ƙalau, bayan ne kawai ke damunsa. Waɗanda aka yi wa, don Allah gwajin nan ya amfane ku?

Wata uwa: Ɗana, kar ku yi wasa da shi. Ni ma haka na ce, sai gwaji ya nuna hemogulobin ɗina, wato ma'aunin ƙarfin jini, 10, alhali mace in ta gaza 12 tana da ƙarancin jini, namiji kuma 13. Gajiyar da nake ji, duk a kan bayan nake ɗora ta. Aka ɗaga aikin, na yi makonni ina shan maganin ƙarin jini. Ranar na yi kuka sosai, amma aikin sa ƙarfe yana cin jini, kuma Allah Ya taimake ni ba a yi mini ƙari ba.

Wani direba: Nawa ƙaramin aiki ne, guntun faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya aka cire da ya danne jijiya. Gwaji kala-kala aka yi, sakamakon ya fito lafiya, babu wanda ya ƙara waiwayarsa.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, da gaskiyarka. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin lafiya, ta fitar da ƙa'ida a 2016 cewa a duba girman aiki da lafiyar mutum kafin a rubuta gwaji. Gwajin daskarewar jini ma ba kowa ake yi wa ba, sai da dalili, kamar mai ciwon hanta. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wurin aiki shi ne wanda ke shan aspirin ko clopidogrel, magungunan da ke rage daskarewar jini, bai faɗa ba. Gwajin daskarewa da aka saba yi ba ya nuna su, kuma jini in ya taru kusa da laka yana iya danne ta har ƙafa ta mutu. Na taɓa ganin an mayar da mutum ɗakin tiyata cikin dare saboda haka. Ku kai wa likitan sa barci duk maganin da Baba ke sha, har da kwalinsa.

Mai ciwon suga: Ni an gwada, sugana ya hau, amma ba a buɗe sakamakon ba sai bayan aiki. Ɗinkin ya yi ruwa, na daɗe ina jinya. Ku nemi a yi HbA1c da wuri, shi ke nuna sugan wata biyu zuwa uku, kuma ku tambaya da bakinku wa ya karanta.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Baba yana shan aspirin kullum, ban taɓa tunanin faɗa ba. Anti, ya daina yau ne?

Ma'aikaciyar jinya: A'a, kar ya daina da kansa. Ka kira likitansa gobe da safe, shi zai faɗa maka ko a tsayar, da kuma ranar.