Tanka mai lita 45,000 da sikelin aksul: ina gizo ke saƙa?

Mai Tanka Biyu:
Assalamu alaikum. Masu ilimin harkar nan, ina neman haske. Tun 1 ga Maris 2025 hukumar NMDPRA mai kula da harkar man fetur a Najeriya ta hana loda wa tanka mai lita 60,000 a daffo, ta kuma ce za a sauko zuwa lita 45,000. To idan mota mai aksul shida (aksul shi ne ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da na dama) ta ɗauki lita 45,000 cif, webil ɗinta, wato takardar kayan, lafiya, shin ta tsira a wurin masu awon nauyi? Wasu na cewa da fetur tana iya sha da ƙyar, da gas, wato dizal, kuwa ba za ta wuce ba. Kuma me ya sa ake kama mota a aksul ɗin baya alhali jimillar nauyinta bai haura ƙa'ida ba?

Injiniyan Hanya:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. Daffo da lita yake sayarwa, titi kuwa tan ya sani. Umarnin NMDPRA na lita ne, dokar aksul ta nauyi ce, cika ɗaya ba ya nufin an cika ɗayar.

Litar fetur tana kai wajen kilo 0.74, ta gas wajen 0.84, kananzir 0.80. Saboda haka lita 45,000 ta fetur tan 33 ce da ɗoriya, ta gas kuwa ta kusa tan 38. Tanki ɗaya, bambancin tan huɗu da rabi. Yanzu ɗora nauyin motar ba kaya. Mu ƙaddara kan motar da tankin ƙarfe tan 20 ne (kowa ya auna tasa, don ƙirar tankuna ta bambanta ƙwarai). Fetur ya kai ka tan 53, gas ya kai ka kusan 58. Iyakar mota mai aksul shida a ƙa'idar yammacin Afirka tan 51 ce. Ita ce ke cikin doka mai lamba 14 ta 2005 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa, ECOWAS ta yi tata a 2012 a kan wannan turba, Najeriya kuma ta fitar da ƙa'idojinta na manyan hanyoyin tarayya a 2018.

Idan ka juya lissafin, tan 31 ce ta rage wa kaya. Wato fetur wajen lita 41,900, gas wajen 36,900. Wannan ne ya sa tsohuwar tanka mai lita 33,000 ba ta cika samun matsala ba ko da gas ta ɗauko, don bai kai tan 28 ba.

Tsananin da ake yi a kan aksul yana da dalili. Gwajin titi da aka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan ka ninka nauyin aksul sau biyu, ɓarnar da yake wa kwalta tana ninkuwa kusan sau 16. Aksul mai tan 14 yana cin titi fiye da ninki biyu na mai tan 11.5. Kwarin nan guda biyu da ake gani a layin manyan motoci, inda kwalta ta lotsa daidai sawun taya, aikinsa ke nan.

Maƙerin Tanki:
Injiniya ya gama da jimilla, bari in taɓa tambaya ta biyu. A waccan doka ta UEMOA aksul ɗin gaba tan 6 ne. Tagwayen aksul na bayan kai tan 18 ne idan tazararsu tsakanin mita 1.3 da 1.8 ce, sai tazarar ta kai 1.8 ake ba su 20. Ukun da ke ƙarƙashin tanki tan 21 ne idan suna matse, 25 idan tazarar ta haura 1.3. Ka haɗa 6 da 18 da 25, za ka ga 49 ne, ba 51 ba. Yawancin kawunan da ke yawo a titunanmu tagwayensu na cikin rukunin 18 ne, don haka a ɗauki tef a auna tsakiyar aksul zuwa tsakiyar na kusa da shi kafin a yi wani lissafi.

Mai tirelar siminti idan baya ya yi nauyi sai ya sa yara su matsar da buhu hamsin gaba. Mai tanka ba shi da wannan gata. Rabon nauyinsa an yanke shi tun ranar da aka ƙera tankin: inda aka kafa fin ɗin da ke hawa tantebur (faifan bayan kai da tanki ke zama a kai), inda aka ɗaura aksul ukun baya, da girman kowane ɗaki na cikin tankin. Babbar ɓarnar da ake yi ita ce a yanka tanki mai 33,000 a ƙara masa tsawo ta baya, a bar aksul a inda suke. Duk ƙarin sai ya zauna a kan ukun baya, har ya riƙa ɗage wa kai nauyi, sitiyari ya yi sakayau a hannun direba. Wasu kuma tsayi suke ƙara masa, wanda ya fi muni, don a kwana ko shataletale motar da nauyinta ke sama ita ke fara kifewa.

Sai tsarin sauke kaya. Tanki mai ɗaki uku, aka sauke na gaba a gidan mai na farko aka bar na baya cike: jimilla ta ragu, amma tagwayen kai sun rasa abin da ke danne su, tayar da ke ja tana sulɓi a hawa ko a ruwan sama. Idan na baya aka fara saukewa, nauyin ya taru a kan tantebur, tagwayen su kasance su ke ɗauke da kusan komai. A tanki mai ɗaki uku, fara sauke na tsakiya ya fi kiyaye daidaito. A duba sifirin ma. Idan ganyen sifirin ɗaya ya karye ko abin da ke raba nauyi tsakanin aksul ukun ya cije, ɗaya zai ɗauki rabon maƙwabcinsa, tayoyinsa su yi zafi su fashe.

Direban Dogon Zango:
Gaskiya ne Malam, amma a yi hattara da shawarar a rage lita kawai. Ɗakin da ke rabi ya fi cikakke haɗari. Ka taka birki, man ya ruga gaba ya tura motar, ka saki ya dawo baya. A kwana kuma gefe yake hawa. Farantan da ake sakawa cikin tanki suna rage gudunsa gaba da baya, ba sa hana shi zuwa gefe. Shi ya sa a ƙa'idar Turai ɗaki mai girma fiye da lita 7,500 wanda ba a raba shi da faranti ba, ko dai a cika shi sama da kashi 80 cikin ɗari, ko ya kasance ƙasa da kashi 20. Tanki mai 45,000 da aka zuba wa gas 36,900 ɗin da Injiniya ya lissafa yana kan kashi 82, ya tsallake da kaɗan, da sharaɗin an raba ragin daidai a duk ɗakunan.

A kan sikeli kuma, a hau a hankali, a tsaya, a jira man ya lafa, a saki birki kafin a karanta. Sikelin da ake auna aksul ɗaya bayan ɗaya, idan ƙasar wurin tana da gangare ko faifan ya ɗara titi tsayi, man zai gangara ya ba da lambar da ba ita ba. Direba ya nemi a maimaita awon, ya karɓi takardar sakamakon.

Ɗan Maraɗi:
Ga masu tsallakowa ta Jibiya ko Illela: Nijar ta fita ECOWAS amma tana cikin UEMOA, doka ta 14 na nan. Tarar da ta tanada jaka 20 ce ta sefa, wato sefa dubu 20, a kan kowace tan da ta haura idan jigilar cikin gida ce, jaka 60 idan tsakanin ƙasashe ce, sannan a sauke rarar.

Sauke rarar nan ita ce wahalar kayan ruwa. Ba a juye fetur a bakin titi, gobarar tankokin mai da ta hallaka mutane da yawa a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024 da mararrabar Dikko ta jihar Neja a Janairun 2025 ta isa hujja. Sai an samo wata tankar da famfo, a wurin da aka killace, a haɗa wayar da ke sauke wutar gogayya zuwa ƙasa, ga kuma hatimin daffo da za a karya, mai kaya ya ce an taɓa masa mai. Don haka wurin da ya dace a kama nauyi shi ne bakin daffo, inda jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ke duba lafiyar mota kafin lodi. Alhaji, ka kai motarka sikeli ba kaya da cikakken tankin gas ɗinta, ka auna kowane rukunin aksul daban, ka sake aunawa bayan lodi na farko, sannan ka rubuta iyakar litar fetur da ta gas daban-daban ka ba direba. Masu dakon manja da man gyaɗa su yi lissafi da kilo 0.91 a kan kowace lita, masu ruwa kuma kilo ɗaya cif.