Wai gauss ya mutu, saura tesla kawai?

Malam Habu: Salam jama'a. Ni fa a ajina duk ɗalibin da ya rubuta min ƙarfin maganaɗisu da gauss sai na zaftare masa maki, tun 1960 aka saka ma'aunin tesla a tsarin SI, wato tsarin ma'aunai na ƙasa da ƙasa, to me ake jira kuma

Zainab: Allah gafarta Malam ni dai ban yarda ba. Tesla ya yi girma da yawa, injin MRI na asibiti ne fa ke kai 1.5 ko 3, shi kuwa maganaɗisun duniyar nan da muke takawa tsakanin gauss 0.25 zuwa 0.65 yake, in ka ce a tesla sai ka yi ta jera sifili 0.00005 har ɗalibi ya rikice

Malam Habu: To ai shi ya sa aka yi maikrotesla 'yata, wato kashi ɗaya cikin miliyan na tesla. 25 zuwa 65, ina sifilin? Na'urar da ke sa kamfas ɗin wayarki ya nuna alƙibla ma da maikrotesla take awo

Auwal: Mu a jiyoloji, wato ilimin duwatsu da ƙarƙashin ƙasa, da nanotesla muke aiki gaskiya, kashi ɗaya cikin dubu na maikrotesla ke nan, a nan Najeriya maganaɗisun duniya yana kai wajen 33,000. Amma tsofaffin taswirori da rahotanni da ma'aunin gamma aka rubuta su, kuma gamma 1 daidai yake da nanotesla 1, yaron da ba a taɓa gaya masa haka ba zai ɗauki taswirar ya kasa karanta ta, na gani da idona kuma abin ya dame ni

Zainab: Yauwa Yaya Auwal. Masu nazarin taurari ma har gobe maikrogauss suke rubutawa in suna maganar maganaɗisun tarin taurarinmu

Malam Habu: Sabo ne kawai. Ku je can ƙasa sosai, maganaɗisun ƙwaƙwalwar mutum da ake aunawa da na'urar SQUID mai gano maganaɗisu marar ƙarfi sosai, femtotesla ake cewa, kashi ɗaya cikin miliyan na nanotesla, wa kika ji yana kiran gauss a wurin?

Auwal: Ba mu musa ba Malam. Amma a koya musu tesla 1 gauss 10,000 ne, makin a zaftare wa wanda ya kasa juyawa

Malam Habu: Zan koyar, amma a jarabawa tesla nake so. Zainab juya min 33,000 ɗin Auwal

Zainab: Gauss 0.33 Malam